Koren sabulu, fari, ko na daimon: wanne zan shafa wa fatar goge wuƙa?

AbuHafsat_Misfala:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin harkar wuƙa ina neman shawara. Zulhajji na ƙaratowa, kun san yadda aiki yake yi mana yawa mu masu fiɗa, shi ya sa nake so in gyara kayana tun yanzu. Dutsen washi ina da shi mai fuska biyu, mai lambar laushi 1000 da 3000 (in lamba ta fi girma dutsen ya fi laushi), sannan wani abokina ya ba ni guntun fatar sa mai kauri na manna ta a jikin katako da gam. To abin da ya ɗaure min kai shi ne sabulun goge ƙarfe da ake shafa wa fatar. Na shiga shagon kayan aiki na tarar da kore, fari, ja, baƙi, har da mai ruwan ƙasa, shi kuma mai shagon duk wanda na nuna sai ya ce min kuwayyis, wato yana da kyau. A Amazon kuma na ga na daimon a cikin sirinji, an rubuta 3, 1, 0.5. Wanne ya dace da wuƙar yanka da ta fiɗa? Wuƙaƙen kamfanin Victorinox gare ni guda biyu sai wani barho na maƙera da na zo da shi daga Kano.

Fawa_Kakiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗauki kore ka huta ɗan uwa. Shi nake amfani da shi a rumfa, sanda ɗaya sai ka gaji da ganinta ba ta ƙare ba.

ɗan_sina'iyya:
Kore ko fari duk za su yi maka. Baƙin ka bar shi, da shi muke fara cire zanen walda a jikin ƙarfe kafin mu koma kan fari, yana da kaushi sosai. Mai ruwan ƙasan na tagulla ne da alminiyam. Jan kuma na masu zinare ne.

Injiniya_Yanbu:
Bari in ɗan faɗaɗa abin da ɗan_sina'iyya ya faɗa, don in ka san abin da ke ciki ba wanda zai sake ruɗa ka a shago. Kowace sanda abu biyu ne aka haɗa, gari mai cin ƙarfe da kuma kakin da ke riƙe shi. Garin shi ne mai aikin. Koren garin kuromiyam oksaid ne, na ainihi ƙwayarsa wajen rabin maikron take, maikron kuwa shi ne ka raba milimita gida 1000 ka ɗauki ɗaya. Farin yawanci alminiyam oksaid ne, ya fi koren tauri kuma ƙwayarsa ta fi girma, shi ya sa ya fi saurin ci. Jan asalinsa garin tsatsa ne da aka tace ya yi laushi, a kan ƙarfen wuƙa cinsa kaɗan ne ƙwarai.

Don ka gane inda suke a layi: dutsenka na 1000 ƙwayarsa ta haura maikron 10, dutse mai lamba 8000 kuma tana tsakanin 1 da 2. Ka ga ke nan koren ya ma fi 8000 laushi. Abin da wannan ke nufi shi ne sabulu ba zai tayar da wuƙar da ta dakushe ba, ko ka kwana kana gogawa. Aikinsa ya cire ɗan siririn leɓen ƙarfen nan da dutse ke bari a bakin wuƙa, ya kuma daidaita bakin. Sai dutse ya gama nasa tukuna.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka: launi ba doka ba ne. Kowane kamfani da yadda yake rina nasa, kuma koren da ake sayarwa da araha yawanci an cakuɗa shi da farin gari, bai kai laushin rabin maikron ba. Ga wuƙar fawa wannan ba aibi ba ne, yana ma taimakawa.

AbuHafsat_Misfala:
Injiniya Allah ya ƙara ilimi. Wato ko na samu mai arahar ba matsala ke nan?

Injiniya_Yanbu:
Ga Victorinox ba matsala ko kaɗan. Ƙarfenta ba mai tsananin tauri ba ne, wajen 56 yake a ma'aunin Rokwel, duk wani gari daga cikin biyun nan yana cinsa cikin sauƙi. Barhon maƙera ma haka, in dai irin wanda ake ƙerawa da ƙarfen sifirin ɗin mota ne.

Baba_Wanzam:
Yara kuna ta lissafin maikron. Ni na gaji aska a wajen mahaifina, shi ma ya gada, kuma a zabirarmu ba a taɓa ajiye wani sabulu ba. Dutse mai laushi ne da ɗan ruwa, sai guntun fata tsura, sai tafin hannu a ƙarshe. Da wannan aka yi aski aka yi ƙaho aka yi wa jarirai askin suna shekara da shekaru ba wanda ya koka. Fatar da ta sha hannu ta yi santsi ita kaɗai ta isa. Ban hana ku sayen abin shago ba, amma AbuHafsat ɗana ka fara koyon jan wuƙar a kan fatar ba komai, hannunka ya saba, ka ja ta baya-baya bakin yana bin sahu, kar ka taɓa tura baki gaba. In hannu bai iya ba ko na daimon ɗin ka saya asarar kuɗi ce.

AbuHafsat_Misfala:
To Baba, na ji kuma zan bi. Allah ya ƙara girma.

Mahauci_Madina:
Baba ya yi gaskiya a maganar hannu, amma ni ina da ja a kan dukkan zancen nan, ku yi haƙuri. Aska daban wuƙar fiɗa daban. Aska gashi take turewa, tana son baki mai santsi iya santsi. Mu kuwa ja muke yi, muna ratsa fata da jijiya da tantanin nan mai silɓi da ke kan nama, kuma wuƙar da aka goge har kana ganin fuskarka a jikinta zamewa take yi a kan tantanin. Na ga yara da yawa a mayanka suna nuna wuƙa tana aske gashin hannu, ana kawo rago sai ka ga suna dannawa da ƙarfi. Wuƙar fiɗa tana son ɗan haƙori. Ni daga dutse 1000 nake tsayawa, in ja ta a fata mai farin sabulu kaɗan kawai don leɓen ya fita, shi ke nan, sauran aikin yini ƙarfen washi ne a kugu. 3000 ɗin ma ban ga amfaninsa a wuƙar fiɗa ba.

Fawa_Kakiyya:
A fiɗa na yarda da kai. Amma wuƙar yanka fa? Ni ta yanka ina kai ta ƙarshen laushi, saboda so nake ta wuce a ja ɗaya dabba ba ta wahala ba.

Mahauci_Madina:
A rago da akuya eh. Je ka gwada a wuyan raƙumi ko tsohon sa mai kaurin fata ka dawo mu yi magana. Ni ko ta yankan ina bar mata ɗan haƙori.

Fawa_Kakiyya:
Raƙumi ai soka ake yi a gindin wuya malam, wannan wuƙarsa ma daban ce, tsini ake nema. Kar mu haɗa.

Ustaz_Awali:
Masha Allah, wannan tattaunawa tana cikin addini ma. Hadisin Shaddad bn Aus yana cikin Sahihu Muslim, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Don haka duk wanda ya zauna yana gyara wuƙa da wannan niyya yana da lada in sha Allah. Sai dai a kula, kada a wasa ta a gaban dabbar tana kallo, malamai sun karhanta hakan, kuma ina ganin ana yi sosai ranar layya.

Amma ina da tambaya ga Injiniya. Ka ce kaki ne ke riƙe garin. Wane irin kaki? Don na taɓa jin cewa ana sa kitsen dabba a irin waɗannan sandunan, mu kuma wuƙar nan nama za ta taɓa wanda alhazai za su ci.

Injiniya_Yanbu:
Ustaz abin da ka ji gaskiya ne. Masu haɗa sabulun goge ƙarfe da dama suna sa kitsen dabba da aka narkar, ko wani sinadari da ake kira sitiyarik asid wanda ana samunsa daga kitse ana kuma samunsa daga man ja, tare da kakin fetur. A jikin sandar da wuya ka ga an rubuta wanne aka sa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da hanya: ana sayar da koren a matsayin gari zalla, sai ka kwaɓa shi da ɗigon man farafin ka shafa da yatsa. Akwai kuma na daimon na fesawa wanda ruwa ne ke ɗauke da shi.

Ustaz_Awali:
Jazakallahu khairan. To ni abin da zan ce, duk wanda aka yi amfani da shi a wanke wuƙar tas da ruwa da sabulun wanke-wanke kafin ta taɓa nama. Wanda kuma yake da shakka ya ɗauki garin zalla ya huta da waswasi.

MamanIkram:
Sallama gare ku. Ni ba mahauciya ba ce, girki nake yi na biki da na masu Umara a nan Madina, wuƙaƙe sun fi goma a kicin ɗina. Wankewar nan da Ustaz ya faɗa dole ce ko ba don maganar kitse ba, don in ka goga wuƙa a fata mai kore ka share ta da farin tishu za ka ga baƙi da kore sun fito, wa zai so wannan a cikin albasarsa. Tambayata ita ce koren nan ba guba ba ne? Wata ƙawata ta ce min kuromiyam yana kawo ciwon daji.

Injiniya_Yanbu:
Hajiya kuromiyam iri-iri ne. Wanda ake tsoro, mai haddasa ciwon daji, shi ne wanda ake kira mai lamba shida, ana haɗuwa da shi a masana'antun da ke yi wa ƙarfe rufin sheƙi da wasu fenti. Na cikin sandar nan mai lamba uku ne, shi ne ma koren launin da ake sawa a fenti da tayil. Ba abinci ba ne dai, a wanke wuƙa a wanke hannu, a ɗauke shi daga inda yara suke. Masu shaƙar ƙurarsa a injin folish irin su ɗan_sina'iyya su ne ya kamata su riƙa sa takunkumi.

ɗan_sina'iyya:
Muna sawa Injiniya, in ba ka sa ba da yamma majinarka kore ce ko baƙa.

MamanIkram:
To alhamdu lillah, na gode. Baƙin da ke fitowa fa?

ɗan_sina'iyya:
Ƙarfen wuƙar ne Hajiya, alamar sabulun yana ci ke nan. In kika goga fata ba ta yi baƙi ba to sabulun ba ya aiki a kan wannan ƙarfen.

Baduku_Umdurman:
Salamu alaikum. Kowa yana maganar sabulu an manta da fatar, alhali rabin aikin a wajenta yake. Ni dukanci na tashi ina yi a kasuwar Umdurman, takalmin fata na markub da gidan wuƙa da sirdi, yaƙin nan da ya ɓarke a 2023 ne ya dawo da ni Jidda wajen 'yan uwa. Wuƙar baduku in ba ta aski ba ta aiki, saboda fata muke fiƙewa har ta yi siriri, don haka fatar gogawa kullum tana gefen gwiwata.

AbuHafsat, ka duba fatar da aka ba ka. Ka danna ta da farce. In ta lotsa sosai ta yi laushi da yawa, kuma fata mai laushi tana naɗowa ta rungumi bakin wuƙa ta mayar da shi dunƙule, sai ka ga kana ta gogawa kaifi yana raguwa ka ɗora wa sabulu laifi. Fatar jaka da ta kujera da ta rigar sanyi duk irin wannan ce, jimar kemikal ce, in ka yanka ta za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Wadda ake so ita ce jimar bagaruwa, irin wadda majemanmu suke yi a Sudan da Kano, mai tauri, cikinta ruwan ƙasa. Ta sa ta fi. Fatar jar akuyar Sakkwato duniya ta san kyanta amma a wannan aikin ta yi siriri da laushi, sai dai in za ka manna ta a katako mai santsi sosai ka kuma sassauta hannu.

Sannan fuska biyu gare ta. Ɓangaren nama mai gashi-gashi shi ke riƙe sabulu da kyau. Ɓangaren waje mai santsi ka bar shi tsura don gamawa, kamar yadda Baba ya ce. In kana da hali ka manna guda biyu a katako ɗaya, gaba da baya.

AbuHafsat_Misfala:
Kawu na duba yanzu, cikinta ruwan ƙasa ne kuma da ƙyar farce yake shiga. Ɓangaren naman ne a sama. Allah ya kawo zaman lafiya Sudan, ya mayar da ku gida cikin aminci.

Baduku_Umdurman:
Amin ya Rabbi ɗana. To ka dace da fata.

ɗan_Gadarif:
Amin. Kawu Baduku mu ma a Gadarif haka muka ga iyayenmu suna yi, wani tsoho a unguwarmu toka mai laushi yake tankaɗewa ya kwaɓa da ɗan mai ya shafa wa fata, wuƙarsa kuwa ba a magana. Ina ga tokar ma sabulu ce ta talaka.

Injiniya_Yanbu:
Toka tana ɗan ci, musamman ta ciyawa da ƙaiƙayi don akwai sinadarin yashi a cikinta. Matsalarta ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, ƙwaya ɗaya babba ta isa ta zana maka baki. Ga wuƙar gida ba laifi.

Baduku_Umdurman:
Wani abu da na manta. In za ku sayi fata ta intanet ku duba ramukan gashi. Ta alade ana gane ta, ramukan uku-uku suke a haɗe. Yawancin na gogawa dai ta sa ce ko ta doki, amma dubawa ba ta ɓata komai.

Direba_Jidda:
Ni fa jama'a Autosol nake matsawa a fata, man goge ƙarfen nan na Jamus da ke cikin tub, wanda muke goge bamba da rim da shi. Ana samunsa a duk shagon kayan mota. In shafa siriri in bar shi ya bushe sannan in ja wuƙa. Wuƙar da nake tafiya da ita in mun fita bayan gari gashin nama da ita nake komai. Akwai matsala?

ɗan_sina'iyya:
Babu, yana yi sosai, garin cikinsa dangin na farin sabulu ne. Sai dai yana saurin bushewa ya zama gari ya kakkaɓe, za ka riƙa ƙarawa akai-akai. Wanda zan hana ku shi ne man da makanikai suke goge bawul ɗin inji da shi, wasu suna ganin ai duk man goge ƙarfe ne. Wannan kaushinsa ya fi na dutsenka, zai mayar da kai baya ne kuma ya lalata fatar, don in ƙwayarsa ta nutse ciki ba ta fita.

Yaro_Taif:
man goge baki fa? na gani a TikTok

Fawa_Kakiyya:
Bar wa haƙoranka abinsu yaro.

Injiniya_Yanbu:
An yi shi ne yadda ba zai cinye haƙori ba, to ina zai ci ƙarfe. Fatar kawai zai jiƙa maka.

Maƙerin_Zinare_Balad:
An ambaci jan sabulu sau biyu ana wucewa kamar ba shi da amfani, bari in kare shi. Mu da shi muke fito da hasken zinare da azurfa a ƙarshe, gaskiya ne, kuma a wuƙar fawa ɓata lokaci ne, wannan ma gaskiya ne. Amma masu askar gargajiya irin ta Turawa mai naɗewa wasunsu da ja suke gamawa bayan kore, saboda cinsa kaɗan ne, yana lallashin bakin ne kawai ya sa aski ya yi taushi a fuska. Ni da kaina ina yi wa askata haka ranar Juma'a. Don haka Baba_Wanzam in za ka taɓa gwada abin shago ka gwada jan, ina ganin shi zai fi dacewa da hannunka. Kuma in kun ga sabulun Dialux a shagunan kayan maƙeran zinare, nasu launukan sun fi na shagon kayan gini yawa, har da shuɗi da ruwan toka, ku tambayi aikin kowanne kafin ku ɗauka.

Baba_Wanzam:
Allah ya yi maka albarka. Ai yanzu askar tawa ta koma ta kaina da jikokina a gida. A shago reza ce mai amfani sau ɗaya, a ɓare ta gaban mutum a jefar bayan an gama, haka dokar ƙasar nan ta ce kuma jami'an baladiyya, wato hukumar gari, suna zagayawa. Ni ban ga laifin dokar ba, wanda ya ga yawan kawunan da ake askewa a Mina ranar goma ga wata ya san aska ɗaya ba za ta yi ta yawo a kan jama'a ba, ga ciwon hanta ga sauran cututtukan jini. Abin da ke damuna kawai yaran da muke koya wa sana'a yanzu ba wanda ya iya wasa aska, ba su ma taɓa riƙe dutse ba. Kawo min jan in ka shigo Makka in gani.

Maƙerin_Zinare_Balad:
In sha Allah Baba, zan yanko maka guntu.

AbuHafsat_Misfala:
To na daimon ɗin fa jama'a, ba wanda ya ce komai a kansa sai Injiniya da ya ambace shi a maganar kitse. Kuɗinsa ya ninka na sandar, shi ya sa nake tunanin ko ya fi.

Shef_Riyad:
Ni shi nake amfani da shi, amma dalilina daban da naka. A otal ɗin da nake aiki wuƙaƙen Japan gare mu, taurinsu ya haura 60, kuma ina da wata ƙaramar wuƙar aljihu mai ƙarfen S30V. Irin wannan ƙarfen akwai wasu ƙwayoyi masu masifar tauri a cikinsa na sinadarin banadiyam, sun fi garin kore da na fari tauri, daimon kuwa yana iya yanka su. Da kore sai ka yi ta ja abu kaɗan ke faruwa. Da na maikron 1 kuwa nan da nan. Kuma wani abin da na lura, daimon yana barin ɗan cizon nan da Mahauci_Madina yake magana, bakin yana kama fatar tumatir, ba ya zamewa. Don haka in da ni ne kai kuma kuɗin ba zai takura ni ba, zan ɗauki na 3 ko na 1 in manta da 0.5, wannan na masu aska ne.

Fawa_Kakiyya:
Shef kai a cikin AC kake aiki da wuƙar da ba ta taɓa ƙashi. Mu wuƙa tana bugun ƙashi tana faɗuwa a siminti, yaro ya ɗauka ya yanke igiya da ita. Daimon a kan Victorinox kuɗi ne kawai za su tafi.

Shef_Riyad:
Ban musa ba Alhaji, ai na ce in kuɗin ba zai takura shi ba. Sirinji ɗaya ma yana daɗewa, ɗigo kaɗan ake sawa.

Injiniya_Yanbu:
Ku biyun duk kuna kan hanya. Abin da zan ƙara, na daimon mai arahar gaske wani lokaci garin ciki kaɗan ne, mai ne ya fi yawa, kuma lambar da aka rubuta ba lallai ƙwayoyin duka su tsaya a kanta ba. Sannan duk wanda zai haɗa iri biyu to kowanne da fatarsa. In ka shafa 3 a fata ta zama ta 3 har abada, ko ka ɗora 0.5 a kai manyan ƙwayoyin suna nan. Ka kuma share wuƙar kafin ka tashi daga wannan fata zuwa waccan.

Kafinta_Dammam:
Mu a wajenmu kurfi da bakin injin fere katako ba ma kai su kan fata sosai, saboda dalilin da Kawu Baduku ya faɗa na dunƙulewar baki. Guntun MDF, allon nan na matsattsen garin katako, muke shafa wa koren, shi ba ya lotsawa ko kaɗan. AbuHafsat in kana so ka gwada fari da kore ba tare da ka ɓata fatarka ba, nemi guntayen MDF biyu a wajen kowane kafinta, kyauta ma za a ba ka, ka shafa kowanne a nasa, ka ga wanda hannunka da namanka suka fi so, sannan ka sa wa fatar wanda ya ci. Bayan kwali mai tauri ma yana yi.

Mahauci_Madina:
Wannan shawara ta yi. Ka gwada a kan nama fa, kar ka gwada a gashin hannu ko takarda. Samu guntun da ke da tantani ka ja ba tare da dannawa ba.

AbuHafsat_Misfala:
Madalla. To yaya ake shafawar, da yawa ake cikawa?

Baduku_Umdurman:
A'a kaɗan. Ka goga sandar kamar yadda yaro yake shafa kala a takarda, har kana hango fatar ta ƙasa. In ka cika ya yi tudu sai wuƙa ta riƙa zamewa a kan kaki, ba ta taɓa garin yadda ya kamata. In sandar ta yi tauri ta ƙi kamawa ka ɗan ajiye fatar a rana ta yi ɗumi. In ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi ka kankare da bayan wuƙa a hankali ka sake shafa sabo. Kuma hannu sakwa-sakwa, nauyin wuƙar ya kusa isa. Kusurwar da ka wasa a dutse ita za ka riƙe ko ka ɗan kwantar ƙasa da ita, kar ka ɗaga bayan wuƙar a ƙarshen ja, nan ne mutane suke kashe kaifi.

Direba_Jidda:
Kuma kar a bar sandar a mota don Allah. Zafin garin nan in ya haura 45 cikin mota ya fi haka nesa, kakin narkewa yake ya malale a dashbod. Fatar ma a sa ta a leda ko a naɗe ta da tsumma, ƙurar nan tamu yashi ce, in ta zauna a kan sabulu ka koma gogawa da yashi.

Fawa_Kakiyya:
Wannan gaskiya ne musamman a mayankar Mu'aisim da ke kusa da Mina lokacin hadaya, iska tana tashi komai ya yi budu-budu. Ni fatar a masauki nake barinta, in gyara wuƙaƙe da dare, da rana ƙarfen washi kawai. Ba ka ma da lokacin zama jan fata ana turo dabbobi.

AbuHafsat_Misfala:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Abin da zan yi, zan sayi fari da kore in gwada a MDF kamar yadda Kafinta ya ce, ta fiɗa in bi maganar Mahauci_Madina, ta yanka kuma in bi ta Alhaji Fawa_Kakiyya in ga yadda za ta kaya.

Mahauci_Madina:
Ta yankan ma ka gwada duka biyun kafin ka yanke hukunci, kana da Victorinox biyu ai. Ɗaya ka tsaya a 1000 da fari, ɗaya ka kai ta 3000 da kore.

Shef_Riyad:
In ka shigo Riyad kafin lokacin ka zo da barhon, ina so in ga yadda ƙarfen maƙera zai yi da na maikron 1.

MamanIkram:
Kafinta_Dammam, MDF ɗin in ruwa ya taɓa shi ba kumbura yake ba? Kicin ɗina ko'ina ruwa ne, ina tunanin ko in sa a yanko min katako sosai.

Kafinta_Dammam:
Yana kumbura Hajiya, ki rataye shi nesa da wajen wanke-wanke. In katako za a yanko miki a nemi mai ƙwaya a matse irin icen da Larabawa ke kira zan, a bi shi da sanfara mai laushi ya kwanta sumul, a share ƙurar sanfarar tas kafin a shafa sabulun.